Ranar da Babur Ya Tona Asirin Sakacina

  Ya 'yan'uwa masu karatu, ina so in ba ku labarin wata kunya da na sha, ko Allah Ya sa wani ya tsira daga irinta.

Ina da wani tsohon babur ƙirar Yamaha DT 125, mai dogayen ƙafafu da tayoyi masu kaushi, irin wanda aka yi domin hanyar daji. Na saye shi hannu na biyu a Garwa. Duk wanda ya san hanyoyin ƙauyukan Mayo-Kani, yashi da rani, taɓo da damina, ya san amfanin irinsa. Da shi nake zuwa kasuwar Dumru, da shi kuma nake kai mahaifina, wanda limami ne a unguwarmu a nan Kaele, wuraren ɗaurin aure da suna da jana'iza.

Injin wannan babur ya bambanta da na yawancin baburan haya. Ba shi da kaskon baƙin mai a ƙasansa. Yana da wani ɗan tanki daban da ake zuba man da ake kira 2T, sai wani ƙaramin famfo ya riƙa ɗiga shi kaɗan-kaɗan, yana gauraya da fetur, yana shafe fistin, sannan ya ƙone ya fita da hayaƙi. Ke nan kullum raguwa yake yi. Ranar da ya ƙare, ƙarfe zai goge ƙarfe. Na san wannan sarai tun ranar da na saye shi.

Sai tsadar mai ta zo. A watan Mayu na 2023 Najeriya ta janye tallafin fetur, man kwalba da muke kira zuwa-zuwa ya yi tashin gwauron zabo. A gidajen mai na Kamaru kuma lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, sannan zuwa 840 a Fabrairun 2024. Na shiga tsimi, amma tsimin wauta. Fetur dole ne, domin babur ba ya motsi sai da shi. Amma man 2T da wankin soson iska da gyaran sarƙa, sai na riƙa cewa gobe. Babur kuwa bai yi ƙorafi ba, yana tashi da bugu ɗaya, sai na ɗauka lafiya ce.

A ƙarshen wannan Fabrairu, wata safiya bayan sallar asuba, aka aiko cewa wani aminin mahaifina, wanda suka yi karatun allo tare, ya rasu a wani ƙauye gaba da Lara, kan hanyar Gidigis. Ya bar wasiyya cewa Malam ne zai yi masa salla. Malam ya ce, "Yaro, babur ɗinka lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Baba, da izinin Allah." Ban duba komai ba.

Mun wuce dutsen Lara kaɗan, sai ƙarar inji ta sauya, ƙarfinsa ya mutu, tayar baya ta fara ja. Allah Ya taimake ni na matse kulocin da sauri, ban da haka da mun faɗi. Na buga, feda ta ƙi motsi. Na buɗe ɗan tankin nan, na tarar da shi a bushe ƙamas. Muka tsaya bakin hanya, motocin auduga na SODECOTON suna wucewa suna watsa mana ƙura. Kafin mu sami mai ɗaukar Malam, rana ta ɗaga. Mutanen sun jira iyakar jira, kuma sunna ita ce a gaggauta, sai suka yi salla suka rufe shi. Malam ya isa ya tarar da kabari, ya tsaya a kansa ya yi abin da ya sawwaƙa.

Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Da dare, da na ce masa haka Allah Ya ƙaddara, sai ya ce, "Gaskiya ne. Amma da safe da ka ce da izinin Allah, ka duba ne ko kuwa ba ka duba ba?" Ya tuna mini hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙumarsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Na karanta shi tun ina yaro, amma sai a daren nan na gane cewa na fake da sunan Allah na rufe lalacina.

Bakaniken da ya buɗe injin dattijo ne Bamundange. Ya nuna mini fistin ya narke a gefe, silinda duk zane. Ya ciro soson iska, ya toshe da ƙurar hunturu har ya yage. Ya ce, "Ɗan Liman, ko man bai ƙare ba, ƙurar nan da ta cinye ringi." Aka kai silinda Marwa aka faɗaɗa ta, aka sa fistin mai ɗan girma. Kuɗin da na kashe ya isa sayen man 2T na shekaru. Ya koya mini fitar da iska daga famfon bayan tanki ya bushe, da karanta bakin fulogi, wanda muke kira buji: ruwan ƙasa lafiya, baƙi mai ya yi yawa, fari kuwa inji na zafi.

Yanzu kowace Alhamis da yamma ina duba man 2T, in ja sarƙa in shafa mata mai, in gwada birki da iskar taya, in wanke soso in ɗan jiƙa shi da mai. Ba ya kai rabin sa'a. Abin hawa da ake ɗora iyaye da mata da yara a kansa amana ne, kuma fistin ana sayen wani, amma sallar da Malam ya rasa ba ta dawowa.

Allah Ya gafarta wa mamacin, Ya yafe mini, Ya tsare mu a hanyoyinmu.