Ɗigon Fa a Tahaggart

A unguwar Tahaggart ta Tamanrasset na sauka gidan wani Bamaraɗe, na iske 'yarsa mai shekara 6 tana kuka. Wai malamar makarantar gwamnati ta soke mata rubutu don ta sa ɗigon fa a ƙasa. To, ai haka malamin allo ya koya mata tun babbaƙu, irin na Kano da Damagaram. A littafin gwamnati kuwa ɗigon a sama yake, inda mu muke ɗiga ƙaf.

Uwar ba ta yi faɗa ba. Ta share rairayi, yadda maƙwabtanta Buzaye ke koya wa 'ya'yansu Tifinag, ta zana duka biyun.

"Wannan ta malam, wannan ta malama."

Yarinya ta share hawaye, ta bi da yatsa.