Miyar Lahadi a Bronx

Aikina na farko a Amurka wanke-wanke ne, cikin shekarun 1990, a wani ƙaramin gidan abinci na Italiyawa kusa da titin Arthur Avenue a Bronx. Mai gidan yana riƙe da kuɗi, amma madafa ta mahaifiyarsa ce, wata tsohuwa da kowa ke kira Nona. A New York aka haife ta. Iyayenta ne suka zo daga Kalabiriya a jirgin ruwa.

Sun zo ne cikin ayarin Italiyawa kusan miliyan 4 da suka shiga Amurka tsakanin 1880 da 1924, yawancinsu manoma talakawa daga kudu: Napoli da kewayenta, Sisili, Kalabiriya. A can gida burodi ne da wake da ganyaye, nama sai ranar biki. Da suka iso suka tarar ko lebura yana iya sayen nama da albashin sati. Wanda ya sha yunwa kuwa idan ya ga wadata ba ya auna hannu. Curin niƙaƙƙen nama, wanda a Italiya ƙanana ake yi kuma a ci shi daban, ya kumbura ya hau kan taliya. Baƙin gautan da ake soyawa a jera da tumatir da cuku, sai aka maye gurbinsa da kaza. Tafarnuwa ta ƙaru, cuku ya ƙaru, faranti ma ya ƙara faɗi.

Ranar Lahadi Nona kan ɗora tukunya tun da asuba: tumatirin gwangwani, man zaitun, nama kala-kala, wuta kaɗan-kaɗan har azahar. Akwai naman alade a ciki, don haka ban taɓa ɗanɗana ba, sai dai ni ke kankare ƙanzon tukunyar. Da ta gane dalilina ba ta ce komai ba, ta riƙa raba mini tawa a ƙaramar tukunya da naman sa zalla. "Yaro, ci, ka rame," in ji ta, ko da kuwa na ƙoshi.

Kamar yadda Italiyawan suka yi girki da abin da suka tarar, a gidan da muke haya mu 'yan Zango ma haka muke yi: babu dawa, sai mu tuƙa tuwo da garin da shagon unguwa ke da shi.

Su Italiyawan kuwa, mutanen ƙauyuka daban-daban da ba sa ko jin yaren juna sosai sun zama maƙwabta a bene ɗaya, girkinsu ya cakuɗe har ya zama abu guda. Gidan fiza na Lombardi's ya buɗe a Manhattan a 1905, amma sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu fiza ta game Amurka. Magajin gari LaGuardia ya kwashe masu tura amalanke daga titi ya sa su a rufaffiyar kasuwar Arthur Avenue a 1940. Can ake aike na sayo cuku.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu cewa wannan girki jabu ne. Wata rana wasu 'yan yawon buɗe ido daga Milan suka ga taliya da curin nama, suka yatsina fuska, wai wannan ba abincin Italiya ba ne. Mai gidan ya kai ƙara madafa. Nona ko juyowa ba ta yi ba, ta ce a gaya musu mahaifiyarta har ta mutu ba ta taɓa ganin Milan ba.