Turancin Da Na Zaci Na Iya

Jama'a masu karatu, yau ina so in ba ku labarin yadda wata jarrabawa ta sauke mini girman kai, ko Allah ya sa wani ya amfana, gama an ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sa'ad da na gama digirin farko, na yi bautar ƙasa, sai na ƙudura niyyar neman digiri na biyu a wata jami'ar Amurka. Aka ce mini lalle sai na zauna jarrabawar GRE, wadda hukumar ETS ta garin Princeton a jihar New Jersey ke shiryawa. Na ce a raina, mutumin da ya yi shekara goma sha shida yana karatu da Turanci, wane Turanci kuma za a tsoratar da shi da shi? Yayana ya sayar da bijiminsa ya ba ni kuɗin rajista, wanda ya haura dala 200. Na sayi wani littafi mai jerin kalmomi, na shiga haddace su kamar mai tilawa, kalma hamsin kowace safiya.

Ranar jarrabawa, cikin shekarar 2018, na gane kurena. A lokacin sashen harshe kashi biyu ne, kowanne tambaya ashirin cikin minti talatin. Aka kawo dogayen nassoshi a kan ilmin taurari da tarihin zane-zane, ina gane kalmomin ɗaya ɗaya, amma inda marubucin ya dosa ya ɓace mini. Ashe tun 2011 an cire tambayoyin da ake ba mutum kalma tsurarta a ce ya kawo kishiyarta. Abin da ya saura shi ne fahimtar nassi da cike gurbi a cikin jimla. Makin sashen daga 130 ne zuwa 170. Na sami 143. Kwana uku ban iya haɗa ido da yayana ba.

Daga nan sai na tafi gaida wani tsohon malamina na sakandare, na kwashe labari na gaya masa. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ka tara tubali ne ba ka koyi gini ba. Ba ka yi makarantar allo ba?" Na ce, "Na yi, Malam." Ya ce, "To, da ka san kaf da ta da ba, ai ba sai an fassara maka kitabu da katibu da maktabu ɗai ɗai ba. Haka manyan kalmomin Turanci suke, yawancinsu daga Latin da Girkanci suka samo tushe." Ya nuna mini cewa bene alheri ne, mal kuwa sharri, don haka benevolent mai nufin alheri ne, malevolent mai mugun nufi. Sa'an nan ya gargaɗe ni da kalmomi masu yaudara, irin su enervate, wadda mai gaggawa zai zaci ƙara kuzari take nufi, alhali kuwa raunanawa ce.

Ya ɗora mini aiki uku. Na fari, kowace rana bayan sallar asuba in karanta doguwar maƙala guda a kan fannin da ba nawa ba. Na biyu, in rufe takardar in faɗi manufar marubucin da Hausa cikin jimla ɗaya, domin abin da ka kasa faɗa da harshenka ba ka fahimce shi ba. Na uku, duk baƙuwar kalma in fara cinkar ma'anarta daga maƙwabtanta kafin in buɗe ƙamus, in kuwa zan rubuta ta, in rubuta ta tare da jimlar da na tsince ta a ciki. Ya kuma ce in riƙa lura da ƙananan kalmomin da ke juya zance, watau takwarorin "amma" da "ko da yake", don nan ne mai tambaya ke ɗana tarkonsa.

Wata shida na yi a kan haka. Da fari shafi guda kan ci mini rabin awa, daga baya sai ya koma minti biyar. Kuɗin zama na biyu kuwa da guminna na tara, ina koyar da yara lissafi da yamma. Allah ya taimake ni na sami 157, na tafi na nuna wa yayana takardar kafin kowa.

A watan Satumba na 2023 an taƙaita jarrabawar zuwa ƙasa da awa biyu, jami'o'i da dama kuma sun daina wajabta ta, don haka mai niyya ya fara binciken sharuɗɗan makarantar da yake so kafin ya biya ko kwabo. Amma fa ko an yafe maka ita, littattafan da ke jiranka can ba za su yafe maka ba. Ƙannena ɗalibai, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku fara karatun tun yau. Allah ya ba mu sa'a, amin.