Zane a Bangon Kotu

Yaron da aka kai kotu yakan shiga a tsorace. Bango fari fat, kujeru dogaye, fuskokin manya a murtuke, sai bakinsa ya mutu.

A 2012 aka buɗe sashen shaidar yara a kotun Karkardooma da ke Delhi, a Indiya: bango mai launi, kayan wasa, da ɗakin jira na daban don kada yaro ya yi ido biyu da wanda ake tuhuma. Birnin Hyderabad na ƙasar ya biyo baya a 2016, inda 'yan sanda ba sa shiga da kaki.

Dokar Haƙƙin Yara ta Najeriya ta 2003 ta tanadi kotunan iyali. Ɗakunansu na buƙatar fenti, masu zane na gari, da alƙalan da suka san tsoro na hana yaro magana.