Ranar da muka ja markab da kwale-kwale

 Malam ya ce kowa ya rubuta abin da ya gani da idonsa, to ga nawa.

A watan Agusta ne, lokacin da bahar ya cika ya yi jawur da lakar Habasha. Na bi Kawu duba taru, aikina kwashe ruwa da ƙoƙo kawai. Sai ga markab babba ta taso daga Shehu Ɗalha za ta tsallako nan Mai Wurno, cike da mutane da buhunan albasa, har da jaki guda. Tana kaiwa tsakiya inji ya mutu. Ruwa ya juya ta, ya kama hanyar arewa da ita. Kowa ya san abin da ke can gaba, wato madatsar Sinnar da aka gama a 1925, wadda ake buɗe ƙofofinta idan ruwa ya cika. Mata suka ɗauki salati.

Kawu ya saki tarunsa, sabo fil, bai ko waiga ba. Ya ƙwala wa masunta biyu kira, muka nufe ta. Aka jefo mana igiya. Ni da na ɗauka za mu ja ta ne mu koma inda ta fito. Na ce, "Kawu, ai ta fi ƙarfinmu!" Ya ce, "Yi shiru, riƙe nan." Ashe ba a jayayya da bahar. Bin ruwan muka yi, muna karkata hancinta kaɗan kaɗan zuwa gaɓa, kwale-kwale uku a jere, kowa na tuƙi kamar hannu zai cire. Igiyar ta yi ta cin tafina, amma kunyar saki nake ji.

Da muka kusa, wani saurayi ya faɗa ruwa da bakin igiyar, ya fita ya naɗe ta a gindin bagaruwa. Markab ta yi wani irin juyi, ta zo ta kwanta a laka, nesa da mashigar gari sosai. Jakin ne ya fara fita, wallahi, kafin mutane.

Wata tsohuwa ta cika mini riga da albasa tana sa mini albarka. Tarun Kawu kuwa har yau ba a gan shi ba. Da Inna ta ga hannuna ta shafa mini man riɗi tana faɗa, ta ce ni da bahar sai ruwa ya janye. Sati biyu ban iya riƙe alƙalami na rubuta allona ba.