Daga Katagum Zuwa Azare: Dara Da Karta A Inuwa Guda

Duk matafiyin da ya taso daga Kano ya bi hanyar Maiduguri, in ya wuce Wudil da Jama'are, sai ya iske Azare, mazaunin Sarkin Katagum. Amma asalin sarautar yana can arewa, a tsohon garin Katagum, wanda Malam Ibrahim Zaki, mai tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa. A 1824 Baturen nan Kilafatan ya sauka a garin, kafin abokin tafiyarsa Dokta Odni ya rasu a Murmur. A 1916 ne aka mayar da fadar Azare.

To, ba tarihi ne ya kawo mu yau ba, jama'a. Wasanni biyu ne da baƙo zai gani in rana ta yi sanyi, a nan ƙasar kamar sauran garuruwan Arewa.

Na farko dara. A tona gurabe 30 a ƙasa, wannan ya riƙe tsinke 12, wancan tsakuwa 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya. Ba abin da ke ɓoye. In mutum ya yi kuskure, kowa ya gani, kafin ya tashi 'yan kallo sun nuna masa inda ƙafarsa ta zame. Gobe ya dawo da wayon da ya fi na yau.

Na biyu karta. Galibi samari Whot suke bugawa, wadda aka ƙago a Ingila a 1935. Wasu don nishaɗi kawai, wasu kuwa sai sun ajiye 'yan kuɗi, naira hamsin ko ɗari, su ce ai kuɗin shayi ne. A Amurka akwai irinta, foka, inda kowa ke ɓoye abin da ke hannunsa, ya ɗaure fuska don ya ruɗi abokin wasa.

Bambancin yana nan: wanda aka cinye a dara ya san laifinsa ne, amma wanda aka cinye a karta sai ya ce sa'a ce ta gudu. Tunda bai ga kuskurensa ba, yaya zai gyara? Sai ya ce bari ya fanshe. Ya sa ɗari don ya dawo da hamsin, ya sa ɗari biyu don ya dawo da ɗari. Kafin magariba, kuɗin cefane sun bi, wani ma har da jarin da maigidansa ya damƙa masa. Ƙanƙantar kuɗin nan ita ce tarkon, domin ba mai jin tsoron hamsin. In ya zauna da dare yana lissafi, sai ya riƙa cewa da ya jefa waccan kafin wannan, alhali babban kuskuren shi ne sa kuɗin tun farko. Da na sani ƙeya ce.

Malamai sun daɗe suna tunatarwa cewa Alƙur'ani ya hana caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90, bai kuwa ware ƙarama daga babba ba. Jihar Bauchi kuma ta fara aiki da Shari'a a 2001. Amma abin da ake yi a lungu, ido na iyaye da masu unguwa ya fi kai wa gare shi.

Saboda haka, mai karatu, in ƙaninka na son wasa, kai shi gurbin dara. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.