Gure: sirrin maza ya koma cikin salula

Matafiyin da ya bar Damagaram ya nufi gabas kan hanyar Difa, bayan kilomita 160 da ƴan kai, zai iske Gure zaune tsakanin duwatsu da tudun rairayi. Nan ce tsohuwar fadar sarakunan Muniyo, ƙasar Mangawa, inda Hausawa, Fulani da Tubawa ke haɗuwa ranar kasuwa. A kwarurrukan da ke kewaye da garin ake samun dabino da kanwa, amma daga wasunsu zuwa asibitin gunduma tafiyar yini ce a kan raƙumi ko amalanke.

Tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da kuɗin awon ciki. Magidanci kuwa shi ke biyan nasa. Ga nisa, ga kuɗi, ga kunya. Mai fama da gwaiwa, ko basir, ko ciwon sanyi, ko fitsarin jini, da wuya ya zauna layi ɗaya da matan unguwarsu, balle ya buɗe baki gaban anfirme sa'ar ɗiyarsa. Sai ya sayi ƙwayoyi wurin masu tallar magani, ya yi ta dauriya har ciwo ya kayar da shi.

Salula, wadda ta shigo ƙasar a 2001, ta buɗe wata ƙofa. A 2020, lokacin annobar korona, hukuma ta yi shelar lamba 15 ta kira kyauta, mutane suka ga ana iya tambayar likita ba tare da an haɗa ido ba. Amma lambar da mutumin Gure ya fi amincewa da ita ita ce ta majon asibiti, wadda ake miƙa wa juna a asirce. Bayan sallar isha'i, ɗan kasuwa ko makiyayi ya hau tudu inda rezo ke kamawa, ya rage murya, ya ce wai wani abokinsa ne ba ya jin daɗi. Majo ya san abokin.

Sai dai murya ba ta auna hawan jini, ba ta taɓa kumburi. Majo na kirki yakan saurara, ya kwantar da hankali, kana ya ce: "Alhaji, gobe da safe ka zo da abokin naka, ka biyo ta ƙofar baya." Gani ya kori ji. Wanda ya zo da wuri yakan koma gida da ƙafarsa. Wanda ya jinkirta, motar asibiti ce ke kai shi Damagaram.